Birkin Albashir

Talata, 14 ga Afrilu, bayan la'asar

Yau aka sako mana mashin ɗin ɗana Albashir. Ni da taubashina Tamba muka ɗauko shi a bayan a-kori-kurarsa, a tsakanin buhunan albasa. Ɗan sandan da ya miƙo mini makulli ya ce tunda iyayen yaron da ya rasu sun yafe, su ma ba su da sauran magana. Na ce to.

Ƙarfen bai ji jiki yadda na zata ba. Fitila ta fashe, kan ya ɗan karkace, tankin ya lotsa ta hagu, shi ke nan. Tun ina saurayi nake gyaran babura a Gwadangaji, na ga waɗanda akuya ta kayar sun fi wannan lalacewa. Abin ya ba ni haushi ƙwarai. Na so in gan shi raga-raga.

Matata Kulsumi ta tare ƙofar zaure ta ce, "Malam, ƙarhen ga ba shi kwana gidana." Na ce zaure nawa ne. Na shigo da shi.

Ɗakin Albashir a jikin zauren yake. Ya ji shigowarmu, bai fito ba.

Alhamis, 16 ga Afrilu, da hantsi

Kafaɗarsa ta hagu an ɗora, mai ɗori ya ce ƙashin yaro ne, zai kama. Ba kafaɗar ce ta dame ni ba. Tun ranar Asabar ɗin da abin ya faru ba wanda ya ji muryarsa a gidan nan. A kai tuwo, a ɗauko tuwo. Salla a ɗaki yake yi. Daga injin shinkafar da yake aiki sun aiko sau biyu, bai ko ɗaga kai ba. Na leƙa ta labule na gan shi zaune a ƙasa, ya sa hannun dama a gaba yana kallo, yana buɗewa yana rufewa.

Ɗan fari ne. Ni ban taɓa kiran sunansa a fili ba, uwarsa kuwa ko da wasa. "Kai" nake ce masa, ita ta ce "yaron ga". Haka muka taso muka ga ana yi, kuma ban taɓa jin kunyar nan ta yi mini nauyi ba sai yanzu. Ta ina zan shiga ɗakinsa in zauna? In ce masa me? A takarda dai ba mai ganina, zan rubuta sunan iya son raina. Albashir.

Tsoro nake ji. Ina tsoron a ce mun yi rashi biyu, ɗaya a Argungu, ɗaya a ɗakin zaure yana numfashi.

Juma'a, 17 ga Afrilu, bayan saukowa daga masallaci

Duk wanda ya kama hannuna magana ɗaya ce. An yafe, sai godiya. Ƙaddara ta riga fata. Allah Ya kiyaye gaba. Na amsa amin har bakina ya bushe.

Gaskiya ne an yafe. Ranar da muka je gaisuwa Argungu, ko zama ban gama yi ba Malam Hammadu, mahaifin yaron, ya ɗaga hannu ya ce, "Mun yahe. Mun bar ma Allah. Kar kowa shi sake tada maganag ga." Mutane suka yi ta sa masa albarka. Ni kuwa na sunkuya, don ban san inda zan sa fuskata ba. Masunci ne, dattijo, ɗansa namiji ɗaya ne.

Izzuddeen ɗin nasa a gidan nan yake cin abinci tun suna makaranta da Albashir. Shi ba ya hawa, tsoron gudu yake, amma ba abin da bai sani ba a kan manyan babura, kullum yana cikin wayarsa yana kallon yadda ake kwance su. Da samarin suka share filin nan na bayan Zauro suka jera tsofaffin tayoyi don tserensu na ƙarshen mako, shi suka ba tuta. A kwanar ƙarshe yake tsayawa.

Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Asabar, 18 ga Afrilu, da safe

Ban je gareji ba. Ba na son Asabar.

Litinin, 20 ga Afrilu, bayan azahar

Na cire kujerar mashin ɗin don in duba batir, sai ga akwatin nan yana kallona, ɗan ƙarami, da tiyo huɗu a jikinsa. ABS. Na zauna a kan benci na daɗe.

Aikinsa in ka damƙe birki da ƙarfi, ba ya barin taya ta ƙame. Yana kamawa yana saki, yana kamawa yana saki, da sauri fiye da yadda hannun mutum zai iya. A kan kwalta rahama ne, ban musa ba, ya ceci mutane da yawa daga shan ƙasa. To amma filin Zauro ba kwalta ba ne. Rairayi ne a kan busasshiyar laka. A rairayi so ake taya ta ƙame ta nutse, ta tara ƙasa a gabanta, ƙasar ce ke tsayar da kai. Shi kuwa akwatin da ya ji taya na sulɓi sai ya ce a'a, ya saki.

Yaron nan a hannuna ya koyi tuƙi. Na san hannunsa. Ba ya makara da birki.

In zatona gaskiya ne, to ya ja, ƙarfe ne ya ƙi. Kuma ba wanda ya gaya masa, don ba wanda ya tambaya. An rufe maganar da yafiya, an bar shi a ciki shi kaɗai da hannunsa. Sai na gani da idona.

Laraba, 22 ga Afrilu, da yamma

Na miƙe kan mashin ɗin jiya, yau muka kai shi Zauro ni da Tamba.

Ba kowa a wurin. Samarin sun daina zuwa. Tayoyin suna nan a jere, can nesa masu noman rani sun kunna injin ban-ruwa. A kwanar ƙarshe akwai taya guda da aka shafa wa farin fenti. Nan ne wurin. Ban kalle ta da kyau ba, na dai sa Tamba ya tsaya nesa da ita.

Wani daga cikin samarin ya ce mini a tamanin suke shigowa, su kama birki daidai wata bishiyar giginya da ke gefe. Na sa hular kwano, na yi bisimilla. Rabona da irin wannan gudu tun kafin in yi furfura. Daidai giginya na damƙe. Hannun birki ya hau rawa a yatsuna, kar-kar-kar, mashin yana tafiya abinsa kamar ba da shi nake ba. Na wuce farar tayar. Na wuce ta sosai kafin ya ga dama ya tsaya.

Na sauka na waiwaya na kalli tazarar.

Na zare fis ɗin akwatin na sake gwadawa. Allurar auna gudu ta mutu, ban san gudun da nake yi ba, kuma na cafki birkin gaba da zafin rai. Sai ga ni a ƙasa, bakina cike da rairayi. Tamba ya rugo, da ya ga ina tofarwa ina zagi sai ya zauna ya riƙe ciki.

"Bawana, kai da za ka gyara ma duniya birki, naka na kanka wa ka gyara shi?"

Na ce ya zo ya ɗaga mini ƙarfe, ɓarawon albasa kawai.

Zare fis ba aiki ba ne. Ina bukatar allura tana aiki, in san gudu ɗaya na yi. Sai dai in bar wa akwatin wayarsa, in raba shi da man birki gaba ɗaya, in ja tiyo kai tsaye daga hannu zuwa taya.

Alhamis, 23 ga Afrilu, bayan sallar asuba

Kulsumi ta ga gwiwar hannuna lokacin da nake alwala. Ba ta yi ihu ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Can kat tahi."

Na ce e.

"Mutane sunka yi muna karamci, sunka ce a bar magana. Kai mi kaka biɗa? Ɗiyan mutane ya tahi da birki mai hankali, kai kuma za ka hidda hankalin. Sai ka bar ni da guda a ɗaki, guda a kushewa?"

Na ce mata yaron nan yana zaton hannunsa ne. Ta ce, "To in ba hannunai ba ne, Izzuddeen tashi za ya yi?" Ta ɗauki butarta ta shige.

Tana da gaskiya a wajen tashi. Amma ni ba wanda ya tafi nake ƙoƙarin tayarwa ba.

Asabar, 25 ga Afrilu, da hantsi

Na fara. Ban kai shi gareji ba, ba na son idon mutane, kuma ba hannun da zai taɓa aikin nan sai nawa. A zaure na shimfiɗa buhu.

Na sauke tanki, na tsiyaye tsohon man birki a gwangwanin madara, baƙi ƙirin kamar shayin da ya kwana. Na kwance tiyo huɗun nan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya shirya mashin ɗin nan a ƙasarsu bai taɓa tunanin mai yatsu irin nawa ba, duk bayan hannuna ya kurje. Na toshe ramukan akwatin da noti. Wayarsa tana nan a jone, zai ci gaba da ba da umarni yana zaton ana bi, kamar maigidan da aka bar wa kujera aka karɓe makullin rumbu.

Da gangan nake sakin safana a kan siminti. Bango ɗaya ne tsakaninmu. Ko tari bai yi ba.

Lahadi, 26 ga Afrilu, da rana

Zafi. An kai tuwo, an ɗauko tuwo.

Talata, 28 ga Afrilu, bayan la'asar

Tiyon da na sa direba ya kawo mini daga Sakkwato ya zo. Na gaba ya gaza da kamar tsawon yatsa. Na zagi direban, na zagi mai shagon, alhali ni na auna ban juya kan mashin ɗin zuwa ƙarshe ba. Na mayar.

Tamba ya zo ba da wasa a bakinsa ba. Ya kai albasa kasuwar Argungu, ya ji magana. Wani ya gan mu a filin, labari ya riga mu isa. Dangin Izzuddeen suna cewa Maliki yana neman wanke ɗansa, an yi masa alheri yana tonon silili, kamar yana nufin ba shi da bukatar yafiyarsu.

"Bari arba'in ta wuce," in ji Tamba. "Ko don dattijon nan. Ba a hwama ciwon mutum don a warkar da naka."

Na ce arba'in tana jira, ruwa ba ya jira. Ruwan farko in ya sauka filin nan ya zama taɓo, sai baɗi. Na ce masa ka duba ƙofar can, ka gaya mini ko mai ɗakin zai kai baɗi.

Ya kalli ƙofar. Ya ce, "Kai dai taurin kanka na gado na." Ya tafi bai sha ruwa ba.

Malam Hammadu bai cancanci a ɓata masa ba. Amma ba zan fasa ba.

Alhamis, 30 ga Afrilu, da safe

Yau na ji motsinsa a bayan labule lokacin da nake goge farantin birki. Wataƙila iska ce.

Juma'a, 1 ga Mayu, da yamma

Tiyo ya dawo, wannan karon daidai. Na ɗaura na gaba, na ɗaura na baya. Ban samu sababbin washa na jan ƙarfe ba, sai na gasa tsofaffin a murhun Kulsumi har suka yi ja, na tsoma a ruwa don su yi laushi su kama. Ta tsaya tana kallona da muciya a hannu, sai ta matsar da tukunyarta.

Saura fitar da iska. Sabon tiyo cike yake da iska, in ba a kore ta ba, ka ja birki ya tafi lakwas kamar ka matsa burodi. Aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya matsa hannun birki ya riƙe, ɗaya ya durƙusa wajen taya ya buɗe ɗan noti, iska ta fita, ya rufe, sannan na sama ya saki. In ya saki kafin a rufe, iskar ta koma, a sake sabon lale.

Na gwada ni kaɗai, na ɗaure hannun da roba. Aikin banza. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Lahadi, 3 ga Mayu, bayan azahar

Tamba ya huce ya zo. Da ma bai zo ba. In na ce riƙe sai ya saki, in na ce saki sai ya tsaya ba ni labarin farashin albasa a Aliero. Rabin kwalbar mai ya tafi a ƙasa. Na kore shi, ya tafi yana cewa ba a taɓa bawa mai tsiwa irina ba.

Da ya fita raina ya ɓaci. Na miƙe a tsakiyar zaure na ɗaga murya, bango nake kallo: "Duk gidan ga ba mai riƙe mini hannun birki? To shi ke nan. In tahi da shi haka nan da iskatai, abin da Allah Ya yi shi ad daidai."

Ban kyauta ba, na sani. Amma na faɗa.

Litinin, 4 ga Mayu, da hantsi

Ina durƙushe wajen tayar gaba sai na ga ƙafafu. Ya rame, wandon ma ya yi masa yawa. Hannun hagu a rataye a wuya. Ya tsaya a gefen mashin ɗin yana kallon hannun birki kamar maciji ne.

Ban ɗaga kai ba. Na san in na kalle shi zai koma. Na ce, "Matsa."

Har na cire rai, sai na ji ƙarfen ya motsa.

"Riƙe." Na buɗe noti, kumfa ya fito. Na rufe. "Saki."

Matsa. Riƙe. Saki. Matsa. Riƙe. Saki. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba. Ko sau ɗaya bai saki kafin in ce ba. Kumfa ya yi ta raguwa har mai ya fito garau. Muka koma na baya, ya taka da ƙafa.

Ina goge hannu na ce, kamar da mashin ɗin nake, ranar Asabar zan sake shiga kwanar a tamanin.

"Casa'in," ya ce. "Ba tamanin ba."

Muryar ta dushe kamar ba tasa ba. Ya koma ɗaki. Ni kuma na shiga bayan gida na rufe ƙofa, don kada Kulsumi ta ga fuskata.

Laraba, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Hadari ya haɗu ta gabas, ya yi ta gurnani, ya watse. Na roƙi Allah Ya jinkirta shi, alhali duk manoman garin nan suna roƙon akasin haka. Allah Ya yafe mini.

Ya ci rabin tuwo. Kulsumi ce ta kawo mini kwanon ta nuna mini.

Juma'a, 8 ga Mayu, da yamma

Na gwada a lungunmu a hankali. Birki ya yi tauri, yana cizo nan take. Na ɗaure makullin a wuyana, don mashin ɗin nan ba na titi ba ne yanzu, kada wani ya zo aro ya je ya kashe kansa a kwalta.

Gobe Asabar.

Asabar, 9 ga Mayu, bayan azahar

Da Tamba ya tsaya da mota sai ga Albashir ya fito da kansa, ya sa hula. Ya hau baya ya zauna kusa da mashin ɗin. Kulsumi tana leƙe ta ƙofa.

Ya tsaya can gefe, bayansa a jikin mota. Na zaga filin sau biyu don hannuna ya saba. Na uku na buɗe totur har allura ta hau casa'in. Daidai giginya na taka na baya, taya ta ƙame, gindin ya fara shara, na bi da na gaba a hankali sannan na matse. Ƙasa ta taru, ƙura ta tashi, ya tsaya cak.

Da ƙura ta lafa sai ga farar tayar can a gabana. Tsakanina da ita mota za ta iya fakawa, har a buɗe ƙofa.

Na cire hular kwano na jefar. Ban san lokacin da na ƙwala ba: "Albashir! Ka gani? Ba hannunka ba ne! Ka ja, shi yas saki!" Tamba ya zaro ido jin na kira sunan. Ban damu ba.

Ya tako a hankali har wurin. Ya kalli sawun taya, ya kalli farar tayar, ya sake kallon tsakaninsu. Sai ya zauna a ƙasa daɓas.

"Baba, na sani."

Na ce ka san me?

"Izzuddeen ya hwaɗa mini. Tun randa nis sayo shi yac ce abin ga ba shi yi ga rairai, a hidda shi. Har safana ya kawo ranar, da sahe. Nic ce mishi ba a taɓa mini sabon mashin. Nic ce mishi wanda ba ya hawa mi yas sani."

Ya kifa kai a gwiwa. Kukan da bai yi ba tun ranar, yau ya yi shi, har masu ban-ruwa suka tsaya suna hange.

Ni na kawo shi. Da hannuna na auna masa tazarar, na nuna masa daidai abin da zai faru da ya ji magana. Garin neman gira ke nan.

Asabar, bayan magariba

Ban gaya wa Kulsumi ba. Ta ga idonsa, ta ga nawa, ta kwashe kwanoni.

Ban yi nadama ba. Ina ta tambayar kaina, ban yi ba. Amma ina tsoron gobe.

Lahadi, 10 ga Mayu, da rana

A sahu na ga mutum a gefena, sai da muka sallame na gane shi. A hanyar gida ya ce, "Baba, ka kai ni Argungu." Na ce me za ka ce musu? Ya ce abin da ya faɗa mini.

Kulsumi da ta ji ta ce za mu tone abin da aka binne da mutunci, in suka janye yafiyar fa? Na ce hakkinsu ne. Sai ta shiga ɗaki ta fito da farar rigarsa ta hau guga.

Ruwan farko ya sauka da hantsi.

Litinin, 11 ga Mayu, da yamma

Mun shiga motar haya da safe. Hanya duk ƙamshin ƙasa.

Mun tarar da Malam Hammadu a ƙofar gidansa, ya rataya tarunsa na kamun kifi a jikin bishiya yana ɗinke inda ya yage. Ƙannensa biyu suna zaune a tabarma, da suka gan ni suka ɗaure fuska. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, irin wadda kowa ya san ba ita ta kawo mu ba.

Na buɗe baki zan fara, Albashir ya riga ni. Ya cire takalmi ya durƙusa a gaban dattijon. Ya faɗi duka. Akwatin, da rairayin, da safanar da aka kawo da safe, da maganar da ya mayar. Bai rage ko kalma ba, har "wanda ba ya hawa mi yas sani". Ɗaya daga cikin ƙannen ya yunƙura ya ce ai an ce a bar maganar nan. Malam Hammadu ya ɗaga masa yatsa, ya koma ya zauna.

Ya ci gaba da ɗinkinsa. Ina kallon hannunsa yana ƙulla zare, yana ƙullawa. Na riga na shirya, in ya ce mu tashi mu ba shi wuri, zan tashi ban ce komai ba.

Can ya ajiye abin ɗinkin.

"Wurin da yat tsaya, nan aka tsayawa?"

Albashir ya ce nan ne, bai kauce ko taki ba.

"Kuma abin da yac ce maka, haka na?"

Wannan karon ni ya kalla. Na ce haka ne, Malam, na gwada da kaina, da akwatin da babu akwatin. Da an ji maganarsa da mashin ya tsaya.

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa. Idonsa ya kawo ruwa bai goge ba.

"Malam Maliki, ranar nan na ce na yahe, don shi aka cewa, kuma ni Musulmi na. Amma ban san abin da niy yahe ba. Kowa nit tambaya shi ce ƙaddara. Ni kau kullum ina kwana da tunanin ko shi yay yi sakaci, ko wayar nan tai yaka kallo. Uwatai ta hi ni, ita har hushi taka yi da shi." Ya ja numfashi. "Ashe ɗiyana ya san aikinai."



Ya dafa kan Albashir ya ce, "Ka yi kuskure, yaro, babba. Yanzu na san shi, kuma na yahe. Wagga tawa ta, ba ta taro ba." Sannan ya nuna ƙofar gida da haɓa. "Tashi ka shiga ciki. Ka hwaɗa ma uwatai yadda kah hwaɗa mini, da bakinka, kar ka rage komi."

Ya tashi, ya yi sallama, ya shiga. Ni ban bi shi ba. Malam Hammadu ya miƙo mini bakin tarun ya ce in ja masa, na ja. Ta bayan zana nake jin muryar ɗana, tana tsayawa tana ci gaba, tana tsayawa tana ci gaba. Har aka kira azahar bai gama ba.